Na Ba Ukasha Mabuɗi

Shekara tara ina buɗe shagona a Samaru
tun mai shayi bai hura wuta ba,
in rufe bayan karnukan layi sun gaji da haushi.
Kundin ɗalibai nake bugawa, in ɗinke, in sa bango,
sunan kowa da ruwan zinare a goshi,
nawa sunan kuwa sai a rasit.

In lokacin kammala karatu ya kama
ba na bambance Talata da Alhamis.
Wannan ya ce gobe da safe, wancan ya ce yau-yau,
ni kuwa "to" kaɗai ke bakina
kamar ita kawai aka koya mini a goye.
Na buɗe shago na biyu a Kongo,
na zama ɗan hanya tsakanin PZ da Kwangila,
ina cin ƙosai a tsaye,
ina sallar La'asar da lissafin tawada a rai.

Janaretona in ya ɗau zafi nakan kashe shi,
in bar shi ya huce a inuwa.
Ban taɓa yi wa kaina wannan alfarmar ba.

Wata Laraba ɗaliba ta miƙo takarda,
baƙaƙen suka ƙi tsayawa wuri ɗaya.
Na zauna a kan kwali, hannuna na rawa.
Ba zazzaɓi, ba yunwa,
rijiya ce aka yashe har taɓo.
Hawaye ya zo ban gayyace shi ba,
a gaban yaran shago.

A Shika likita ta ɗaura mini awo a dantse,
ta dubi lamba, ta dube ni:
"Malam Lurwanu, yaushe rabonka da barci?"
Na fara ƙirge, na ɓace.
A gida autata Kubra
ta tambayi uwarta ko baƙon zai kwana.
Wannan ta fi allurar zafi.

Mako uku ban taka Samaru ba.
Ashe gwaibar tsakar gidanmu tun bara take 'ya'ya.
Da yamma in gangara bakin Kubanni
in kalli masu lambu suna ban-ruwa.
Ban ga mai jan latas da hannu
don ya yi saurin tsawo ba.

Da na koma, shago bai rushe ba.
Abin ya ɗan sosa mini rai, gaskiya.
Ukasha, da na hana taɓa wuƙar yanka shekara huɗu,
ya fi ni daidaita gefe.
A Tudun Wada aka yanko mini mabuɗi na biyu,
na danƙa masa, da kasonsa na riba, a rubuce.

Na sayar da na Kongo. Taura biyu ba ta taunuwa.
Aka ce Lurwanu ya karye.
Na ƙyale; bakin da ya faɗa
ba shi ya biya kuɗin magani ba.

Yanzu kundi ashirin a mako.
Na ashirin da ɗaya in nuna masa shagon maƙwabci,
ko da yake "a'a" har yau tana mini nauyi a harshe.
Ana kiran Magariba ƙofa na rufe.
Juma'a ta gida ce.
Riba ba ta kai ta da ba, amma tana kwana,
ba ta zurarewa a takardun da gyangyaɗi ke ɓatawa.
Bara mun sayi inji guda, kuɗi hannu.
Bana faifan sola muke tara wa kuɗi,
in bai samu ba, baɗi na nan.

Wani daren waya kan yi ƙara,
in ji Lurwanun da ya zabura a ƙirjina.
In ce masa, zauna.
Kubra na kan cinyata tana haɗa baƙi,
yatsanta yana rarrafe a kan layi.
Dubban shafukan da na ɗinke
ban karanta ko ɗaya ba.
Wannan nata kuwa, yau kwana uku muna kansa,
kuma ba mu kai rabi ba.