Bakin Mafiƙi

Tun azahar yake cin fensirin Barira.
Ba fiƙewa yake ba, tauna ce,
kamar jar akuya ta samu kwali.
Sau uku tsinin na karyewa a ciki.
Fensirin da ya kai tsawon tafi da safe
yanzu bai fi ɗan yatsa ba,
gobe kuma jarrabawar zanen taswira.

Ta ce, “Kaka, a yar da shi mana,
na roba dala ashirin ne a teburin Mati.”
Na ce je ki sayo.
Ta tafi da tsalle, ta ɗauka ta kada ni.

Wannan na tagulla ne.
Ranar da aka tura ni koyarwa lakwal ɗin Jiratawa
na saye shi a babbar kasuwa
da canjin kuɗin mota.
Shekara talatin da ɗaya a aljihun riga,
gefensa ya sule daidai babban yatsana.
Jiki bai gaji ba, baki ne ya dakushe.
Ni ma na san wannan ciwo.

Na shimfiɗa farin ƙyalle bisa tabarma,
don notin bai fi ƙwayar dawa ba.
Na sa tsinin wuƙa, na murɗa hagu.
Ya ƙi.
Sai da ya sha ɗigon man keken ɗinki ya saki.
Ƙarƙashin rezar, baƙin gari ya daskare,
da tsatsa ja kamar yumɓun bakin Gulbi.
Na sakace da tsinken tsintsiya, na hura.

Dā sai in kwantar da ita a dutsen wāshi,
gefe guda kawai, da ɗan yawu,
har ta aske gashin hannu.
An yi ta yi, ta sirance,
ba sauran abin wasawa.

Barira ta dawo da nata, kore shar.
Na ce kwance shi, rezarsa muke so,
gidan ki ba ƙanenki ya yi mota.
Rami ya hau kan rami daidai.

Sai notin ya kuɓuce.

Ya wuce ƙyalle, ya wuce tabarma, ya shige yashi,
ga ladanin Bagalam ya soma kiran magariba.
Na laluba, na sake lalubawa.
Idon da ke gano ɗigon da yaro ya manta
tun daga bayan aji
yau ƙasa duk ɗaya ce gare shi.

Ita ta ruga ɗaki ta ɗauko maganaɗisu,
na rediyon da ta farke bara,
wanda na yi kwana biyu ina mata faɗa a kai.
Ta ja shi bisa ƙasa sannu-sannu:
ƙusa biyu, allurar kakarta,
sai ƙyas, ga shi nan maƙale.

Hannuna na rawa. Na miƙa mata wuƙar.
Kar ki matse, reza ta tsage,
kar ki bar shi sako-sako, ta ci gefe guda.
Murɗa har ya ce ya isa.
“Yaya yake cewa?”
Za ki ji.

Ta ji.
Ta sa fensir, ta juya,
ɓawo ya fito dogo bai tsinke ba,
yana nannaɗewa kamar yaɗon kabewa.

Tsohuwar rezar na naɗe ta a takarda,
na jefa a gwangwani mai murfi,
don yaran gidan nan ba su san takalmi ba.
Mafiƙin kuwa, ban ga inda ta aje ba.
Da asuba na shafa aljihu, wayam.
Ban tambaya ba.