Ban Iya Rabi Ba

A fadamar Gamsarka, can bayan Auyo,
inda kacala ke shaƙe wuyan ruwa,
ni da Haladu muka sa hannu a ƙwarya ɗaya.
Shi ya kawo baki, ni na kawo bijimi,
fari, mai tozo, wanda na raina tun yana maraƙi.
Na kai shi Maigatari ran Alhamis.
Bai waiwaye ni ba, ni ne na waiwaya.
Kuɗinsa ya zama inji, ja, mai tari da asuba,
yana zuƙo kogi yana shayar da albasa.

Ban ƙirga ba, ban kira shaida ba.
Hansai ta ce, "Malam, a rubuta."
Na ce, "Wa ke yi wa ɗan'uwa takarda?
Rana ɗaya aka yi mana kaciya,
wanzami ɗaya, aska ɗaya."

Albasa ta fara kai ke nan,
na yi sammako na tarar da gurbi:
sawun amalanke, ɗigon baƙin mai,
da tiyo a yashe kamar saɓar maciji.
Aka ce an gan shi a tashar Gujungu
da sabuwar jaka, fuskarsa na kallon kudu.

Kwana tara ban taka fadama ba.
Tuwo ya koma ƙasa a bakina.
In an yi sallama sai gabana ya faɗi.
An ce wanda maciji ya sara
ko tsumma ya gani sai ya zabura;
ni har igiyar guga sai da ta razana ni.

Ran na goma, Hansai ba ta ce "ai na faɗa" ba.
Ta ajiye fura a gefen tabarma,
ta ce, "Albasa ba ta san Haladu ba.
Ƙishi kaɗai ta sani."

Sai na miƙe.
Na jawo tsohon jigon Baba daga bayan rumbu,
gara ta ci gindinsa, amma ƙashinsa na nan.
Na kafa gwafa, na ɗaura curin laka a wutsiya,
guga a baki.
Sunkuya, ɗago, juye.
Sunkuya, ɗago, juye.
Kafaɗa ta yi kuka, tafi ya yi kanta,
kuma duk gugan da ya bi fangali
sai ya tafi da kaɗan daga abin da ke ƙirjina.
Rabin gona ya ƙone, rabi ya tsira.
Buhu sha ɗaya, ba arba'in ɗin da muka lissafa ba,
amma na yi barci a daren da na ɗinke su.

Bana wani yaro, Sallau, ya zo
yana murza hula a hannu:
yana da ƙarfi, ba shi da fili,
ko zan yarda mu haɗa?
Na ji tsohon tabo ya motsa.
Na dubi kogi. Shekara nawa ana ɗibarsa,
wani da bismilla, wani da sata,
bai taɓa zuwa da rabin ruwa don fushi ba.

Na ce, "Kawo fartanyarka."
Wannan karon mun je zauren liman,
an rubuta, an dangwala, Hansai ta kau da kai tana dariya.
Takarda ta tsare dukiya.
Zuciya kuwa, ban iya ba da rabinta ba,
ban koya ba, kuma na tsufa da koyo.

Haladu, in wannan ta iske ka
a gindin wata gada ko a saman bene,
ba zan ce na manta ba;
bijimin nan har yau yana zuwar mini a mafarki.
Amma na sauke ka. Kana da nauyi,
ni kuma ina da ruwan da zan ɗaga.
In ka dawo, akwai albasa, ka ɗebi ta miya.
Kar dai ka tambayi inji.
Jigo nake ja yanzu,
shi kuwa ba ya hawa amalanke da dare.