Allura a Ja

Babana Nibaldo ya sayo amfilifaya a Punta Arenas,
kuɗin ulun tumaki goma sha tara,
baƙin akwati mai haƙarƙari a gadon baya.
Ya rungumo shi a jirgin fito kamar ɗan tunkiya sabon haihuwa.

Ya ce wat huɗu ba murya ba ce, raɗa ce.
Tsakaninmu da Cerro Sombrero akwai tuddai, da ciyawa,
da iskar da ba ta san Lahadi ba.
Can yayana Eladio yake gadin rijiyar mai,
wata bakwai bai kira ba,
tun daren da aka buga ƙofa
har ƙoƙon mate ya faɗo daga kanta.

Oba-obar ita kaɗai lafiyarta lau:
allurar mita ta ɗan ɗaga kai, ɗaya da ɗigo uku, ta kwanta.
Da ya kunna baƙin akwati ya matse makirfo
sai ta zabura, ta tsallake biyu, ta tsallake uku,
ta je ta manne a ja tana rawar ɗari.

Ya rage eriya da zarto, faɗin farce.
Ja.
Ya ƙara mata tsawo.
Ja.
Ya zagi mita, ya zagi mai kanti, ya haɗa da kakan maƙerin,
akwati kuwa ya ɗau zafin da zai gasa burodi.

Tsoho Belarmino mai gyaran injin sausayar tumaki
ya biyo ran Laraba, ya leƙa, ya sosa ƙeya.
"Abin da eriya ta ƙi karɓa ba ɓacewa yake ba, Nibaldo.
Komowa yake ta wayar da ya bi,
ya yi kiciɓis da mai fita,
su tsaya cirko-cirko, ba gaba ba baya.
Ka ƙara ƙarfi, ka ƙara abin da zai dawo maka."
Baba ya ce shi gyara ya tambaya, ba wa'azi ba.

Ni na gani.
Na fita duba tunkiyar da ke naƙuda, tocila ta mutu a hannuna,
duhu ya rufe har ba na ganin takalmina.
Daga ɗaki na ji Baba: Eladio, Eladio, kana jina?
A kan rufin kwano, daidai gindin eriya,
wani shuɗin tartsatsi, bai kai kan ashana ba,
yana ƙyaftawa da kowane kiran sunan,
yana mutuwa in an yi shiru.

Da safe na hau tsani, Baba na riƙe da ƙafarsa yana mita.
Na kwance mahaɗar.
Gishirin teku ya shiga ya yi gida,
tsatsa kore shar, silin waya guda ya ƙone ƙurmus.
Ƙaramar murya takan lallaɓa ta wuce tsagar ba a sani ba.
Babba sai ta yi tsalle, ta ƙona wurin.

Muka kankare, muka zuba dalma, muka naɗe da tef har sau uku.
Yatsuna sun daskare, ban ji ƙunar ba sai da yamma.

Ya kunna. Ya matse.
Allura ta tashi ɗaya da rabi ta tsaya, kamar an ce mata kul.
Baba ya riƙe makirfo a baki
ya rasa abin cewa,
fankar akwati kaɗai ke magana.

Wanda ya amsa ba Eladio ba ne,
wata direbar tanka ce, muryarta duk tsakuwa:
"Wa ake nema? Da asuba zan bi ta sansanin."

Baba ya dube ni, ya dubi allura.
Ya ce, a hankali, irin yadda ban taɓa jin sa ba,
"A gaya masa mai baƙin kunnen nan ta haifi biyu."