Gaba Goma Sha Bakwai

Jikata Sahiya ta dawo daga lakwal da kaye a hannu,
wai mushe ya ce kowa ya rubuto halin wani babba na gidansu.
Na ce kifa turmin can ki zauna,
alƙalami ya jira, kunne ya fara.

Ni ne Nomau ɗan Illa, na Garkawa cikin Tawa,
shekara talatin da ɗoriya ina huda ƙasar Adar
da diga, da guduma, da igiya a ƙugu.

Rubuta: ba ni da sauri.
Tsarana sun tafi bida, wa Abijan, wa Kamaru,
sun dawo da rediyo da shadda mai amo.
Ni ina nan ƙarƙashin ƙafafunsu,
ina ciniki da dutse,
shi bai rage ba, ni ban tashi ba.

Rubuta taurin kai, kada ki yi masa kwalliya.
A Kalfu, gaba goma sha bakwai, muka tarar da fa.
Dattawa suka leƙo suka ce a rufe, a yi fatiha.
Kwana ashirin ina fasa cikin ƙwarya ɗaya a wuni,
hannuna ya yi bororo, bororon ya fashe, ya koma kanta.
Wata safiya na kai kumatu jikin ƙasa,
na ji sanyi.
Ban yi ihu ba. Na zauna na yi kuka inda ba mai ganina.

A Afala kuwa ƙasa ta ƙi ni.
Na mayar musu jikka arba'in ɗinsu cif, har da ƴan dala.
Kakarki Tsahara ta yi mako ba ta ce mini ci kanka ba,
kuma gaskiyarta, rumbu ba ko zangarniya.
Amma kuɗin ruwa ne, ƴata, ba kuɗin rami ba.
Na fi iya barci da yunwa
da in kwana bisa haƙƙin mai ƙishirwa.

Ango shi ke riƙe mini igiya.
Mun taɓa faɗa kan akuya har maƙwabta suka shiga,
gari ya waye na miƙa masa bakin igiyar na sauka.
Fushi na bakin rijiya ne, ba a shiga da shi.
Wanda bai taɓa rataya ransa a hannun wani ba
bai san nauyin kalmar amana ba.

Kada ki tsallake aibi, mushe zai gane ƙarya.
Bakina ya fi digata kaifi,
yabo kuwa ya fi ruwan Afala wuyar fita daga gare ni.
Ubanki ya girma bai ji na ce masa madalla ba.
Ina sane. Ina ta shirin faɗa.

Duniya?
Daga ƙasan rijiya sama ba ta wuce faɗin faifai,
kuma ta ishe ni sanin rana ta yi, ta ishe ni roƙo.
Shi ya sa ba na raina kaɗan.
Matan da ke jefa guga a Kalfu yau
ba su san sunana ba,
sun san dai ruwan ba ya ɗanɗanon kanwa.
Wannan ya wadatar.

Sahiya ta ce, Kaka, takarda ta cika.
Na ce to, bar sauran, ba a kwashe rijiya a ja ɗaya.
Tashi ki ɗebo mini a randa.
Na san na famfo ne.
Kawo, ruwa ba shi da abokin gaba.