Ƙwaya Talatin

Ran ɗaya ga wata Malam Yila ke ƙirga min su,
talatin cif, a 'yar farar leda.
Ya ce, Baba, ɗaya da safe, ban da tsallake.
Ni da na yi shekara talatin a tashar jirgin Gombe,
wa zai koya min lokaci?

To me ya sa ran ashirin da uku
ledar take wayam?

Na zargi idona. Na zargi ɓera.
Na ɗaga tabarma, na zazzage aljihun jamfa.
Har jikata Dudu na tsare da tambaya,
ta yi kuka, ta ƙi tuwon dare.

Gidado kuwa kafin assalatu ya fice,
takalmi a wuya, sai filin Pantami.
Zagaye sha biyu da rabi, in ji shi, ko haki babu.
Na bugi ƙirji na ce jinina ne.
Ashe ba da jinina yake gudu ba,
da numfashina ne.

Kwana bakwai a kowane wata
ƙirjina na dukan ƙofa kamar mai bin bashi.
Ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi ni,
daga ɗaki zuwa rijiya sai na zauna sau biyu.
Shi yana can Bauchi yana tsinka zare,
ana ɗaga shi sama.

Wani ne ya raɗa masa a bayan fili
wai maganin tsofaffi na hana zuciya gajiya.
Bai tambayi ta wa za ta gaji a madadinta ba.

Sai ga takarda.
Fitsarin da ya bari a kwalba
ya faɗi abin da baki ya ɓoye.
Shekara huɗu, ba shi ba tsere.
Lambar ma sun ce a mayar.

Da daddare ya tsuguna gefen gadona,
ya sa ƙwaya biyu a tafina, sun yi laushi da gumi.
Ban yi faɗa ba. Faɗa na son numfashi.
Na ja hannunsa na ɗora a ƙirjina,
na ce, saurara,
ga dokin da ka hau.

Yau shi ya je wurin Malam Yila.
Ya ƙirga a gabana, a bayyane, har talatin,
muryarsa na rawa wajen ashirin da uku.
Na sa masa albarka.

Da ya fita,
na sake ƙirgawa.