Cefanen Launi

Dubu shida na ƙulle a bakin zane,
ribar dambun da na sayar ran Laraba.
Na sauka Ƙofar Ƙaura da hantsi,
na nufi shagon Tasi'u mai takardu.
Ya ce, "Littafin bashi ne ya cika?"
Na ce, a'a, yau ba shi ya kawo ni ba.

Littafi nake so da zai sha ruwa bai narke ba,
wanda zan zuba wa kwanakina,
rabi da baƙi, rabi da launi,
abin da baki ya kasa, hannu ya faɗa.

Ya miƙo mai jan bango, sai sheƙi yake.
Na lashi yatsa, na danna shafin tsakiya,
damshi ya ratsa har bayansa.
Na ce, Tasi'u, ai wannan gidan sauro ne.
Ya yi dariya, ya taka benci,
ya laluɓo wani can ƙurya,
bangon kwali, ba layi, ba hoto,
takardarsa da kaushi kamar tafin manomi.
Na shafa sau biyu. Ban taya ba.

Fensir biyu sun ishe ni:
mai tauri, don ƙashin zane,
mai laushi, baƙi wuluk kamar kwalli,
don inuwar zaure da ƙasan ido.
Ya ɗora mini kilina kyauta,
na tura masa abinsa.
Kuskuren ma nawa ne, a bar mini shi.

Sai ga kwalin fenti, launi ashirin da huɗu,
jere kamar alawar yara.
Na bi su ɗaya-ɗaya da ido.
Babu jan katangarmu ta Rafindadi
in ruwan Agusta ya ɗauke.
Babu koren bedi in ya yi sabon toho.
Babu launin hannun Inna Yelwa
kwana tara bayan ƙunshi.
Na ɗauki ƙaramin, mai gida shida,
sauran na san inda suke.

Burushin farko na ja gashinsa,
ya biyo ni kamar an fige kaza.
Na biyun ya cije, ya ƙi saki.
Irinka nake so, na ce masa,
mai kunya ba ya zane.

"Gam fa?" in ji Tasi'u.
Ƙaro na nan a gwangwani tun bara.

Da la'asar na baje tabarma.
Na jiƙa zoɓo har ya yi jinin kare,
na daka gangamau, na tace toka,
na kankaro jar ƙasa daga gindin katanga,
ɗan shunin wanki a murfin kwalba.
Almakashin Inna Yelwa,
wanda ya yanka rigunan rabin unguwa,
yau takarda zai ci, Allah ya jiƙanta.
Ga tikitin motar Jibiya,
ranar da na je ban same ta da rai ba.
Ga ƙyallen atamfar da ta rage a kekenta,
da allurar a soke, da zaren a ciki.

Komai ya haɗu.
Kwana uku ina buɗe shafin farko
ina rufewa.
Farinsa ya fi ƙarfina,
kamar a ba ka sabuwar shadda a kicin.

Ran na huɗu Nazifi ya shigo a guje,
ƙafarsa ta kwashe kofin shayi.
Na ɗaga hannu zan kai masa,
sai idona ya faɗa kan tabon:
ga kafaɗa, ga ɗaurin kallabi,
ga wuya a sunkuye kan keken ɗinki.

Hannun da na ɗaga ya sauko a hankali,
ya ɗauki fensir mai laushin nan.
Na ce, Nazifi, kauce mini daga haske.