Faifan Cima

Ɗan Kiyari ne ya kawo shi shago,
cikin kati ƙarami kamar farcen yatsa.
Ya ce, "Baba Mutari, na Cima ya fito,
waƙa tara, sunanta kaɗai a goshi."
Na ce ya ajiye can, hannuna da baƙin mai.
Na ƙarasa ɗaure tayar kabu-kabu,
na wanke hannu har sau biyu
kamar mai shirin gaida suruki.

Mu huɗu ne a da, a Garin Malam,
a ɗakin da rufinsa ke yoyo:
ni kan ganguna, Lawali kan bas,
Ɗan Bura da piyano mai giɓi biyu,
ita kuma da jar jitar nan
da ta saya da kuɗin ɗinkin salla uku.
In aka ɗauke wuta, kuma kullum sai an ɗauke,
sai in kife bido biyu na ruwa,
busassu, don famfo ya kwana shida bai yi tari ba,
mu ci gaba a duhu.

Ta ce za ta Yamai. Na ce a sauka lafiya.
Abin da na haɗiye ya fi haka tsawo.
Lawali ne ya kai mata jaka tasha,
ni ina nan ina neman ƙusar da ba ta ɓace ba.

Yau ga ta a lasifikar shagona.
Ta farko tsalle take kamar ɗan akuya,
irin ta samari masu waya a kunne.
Na taɓe baki. Ta biyu ma na taɓe.
Makaɗinta ya iya, ban hana shi ba,
amma hannunsa ya cika tsabta,
da ji bai taɓa bin layin ruwa ba.

A ta huɗu jitar ta yi gurnani,
ta hau, ta hau,
kamar mai hawan duwatsun Birni da azahar ba takalmi.
Can sama muryar ta tsage,
ta bar tsagin a buɗe,
ita da ba ta iya ganin yagewa ta ƙyale.
Sanusi mai shayi ya ƙetaro titi da buta a hannu:
"Wace ce wannan?"
Na ce, "Wata 'yar unguwa."

Ta bakwai babu ganga, babu bas.
Shiru tukuna, sannan dum, dum-dum, ɗas.
Na san shi kamar yadda na san tarin mahaifina.
Bidona ne, mai ruwan ɗorawa,
mai tsagi a gindi, shi ya sa yake shaƙewa.
Daren nan da ta jingine wayarta a taga,
ashe ɗauka take.
Ga jakin Malam Gambo yana kuka can baya,
ga ni kuma, da muryar shekara shida da ta wuce:
"Tsaya, a sake, na yi kuskure."
Ba ta goge ba.
Daga nan har Gaya za a ji ni ina kuskure.

Ta takwas na tsakiya wuta ta tafi.
Ban ji ta tara ba har yanzu.

Yaron ya miƙo hoton bangon a wayarsa,
can ƙasa, rubutu kamar sawun tururuwa:
Bido, Mutari Makanike.
Na ce, "Ko wannan sai da ta ƙanƙanta."
Sanusi ya yi dariya, ya zuba mini ba sukari.

Lambarta na nan, ban taɓa gogewa ba.
Na sa kuɗin dala ashirin,
na bari ta yi ƙara biyu, na kashe.

Wani ya turo babur, sarƙa ta zube.
Na durƙusa, na sake ɓata hannu.
Aljihuna yana rawa.
Mai babur ya ce, "Ana kiran ka."
Na ce, "Na ji. Riƙe min nan."